Na auna hayaƙin da gidanmu ke fitarwa

Wata guda cif na yi ina rubuta komai a wani ƙaramin littafi da na ajiye a saman firji, duk litar fetur da na sha a mota, duk kilon gas da muka saya, sai lambar mitar wuta da nake kwafa kowace Juma'a da safe. So nake in san nawa ne namu kason a wannan iskar kabon da ke ɗumama duniya, don abin yana damuna sosai, kafin zamanin masana'antu kashi 280 ne cikin miliyan a sararin sama, yanzu ya haura 420, kuma yaranmu ne za su zauna cikinta.

Lissafin ba wuya wallahi. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar, dizal kusan 2.7, kilon gas ɗin girki kuma wajen kilo 3. Da farko na kasa yarda, ya za a yi litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba ta haifar da sama da kilo biyu? Ashe kabon ɗin da ke cikin man ne yake haɗuwa da iskar oksijin lokacin ƙonewa, nauyin ya ninka fiye da sau uku. Ita kuma wuta ya danganta da inda aka samo ta, ta kwal kusan kilo ɗaya ce a kowane yunit, ta gas kamar rabin haka, ta ruwa da ta sola kaɗan ne ƙwarai.

Da na tara sai jikina ya yi sanyi. Ni da kullum nake bin yara da faɗa kan cajar da aka bari a soket, alhali cajar da ba waya a jikinta ko wat ɗaya ba ta ja, ashe mota da esi da hitar ruwa ne suka kwashe kusan komai. Esi ɗaya yana jan wajen wat 1000, fanka kuwa 60 zuwa 70, kenan awa ɗaya na esi ya kai fanka goma sha biyar suna juyi tare.

To daga nan muka fara. Aike uku da nake fita wa daban-daban yanzu fita ɗaya nake musu, wurin da ke kusa kuma ƙafa ko keke. Esi sai ɗaki ya yi sanyi mu kashe mu kunna fanka, hita minti kaɗan kafin wanka maimakon ta kwana a kunne. Ƙwan wat 60 mun canza da LED mai wat 9, haskensu ɗaya. Tukunya ma yanzu ba a barinta ba murfi a kan wuta.

Littafin yana nan a saman firji, babbar 'yata ce ta karɓi aikin kwafar mita, kuma wata mai zuwa abincin da muke zubarwa za mu fara aunawa.