Alhamdulillahi Sau 17

A hira ta huɗu da na yi domin kundin digirina na uku, matar da muka zanta da ita ta ce "alhamdulillahi" sau 17 cikin minti 50. Daga baya na ƙirga, da dare, iyafis a kunne, ina rubuta maganarta kalma bayan kalma. Duk inda ta faɗa sai in liƙa masa lamba a NVivo, manhajar nazarin hirarraki, in rubuta "gamsuwa". Da na aika wa malamar da ke duba aikina a Ingila, tambaya ɗaya ta maido mini: idan matar nan ta gamsu haka, me ya sa ta yi kuka a shafi na tara?

Bincikena a kan matan da mazansu suka rasu ne, waɗanda suka ci gajiyar tallafin naira 5,000 a wata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, wanda aka riƙa biya naira 10,000 duk bayan wata biyu. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta maido. Yawan waɗanda aka biya yana cikin rahotanni. Ni abin da ya dame ni shi ne me dubu goman nan take zama bayan ta shiga tsakar gida. Shi ya sa na bi hanyar bincike bi-bayani, wato ka zauna da mutane kaɗan ka saurare su da zurfi, maimakon ka raba takardar tambayoyi ga dubu ka fitar da kaso.

Shekarar farko kusan duk a aji ta ƙare. Mun karanta yadda masana zamantakewa Glaser da Strauss suka zauna a asibitocin San Francisco suna lura da mu'amalar ma'aikata da majinyatan da ke gab da mutuwa, har suka fito a 1967 da hanyar gina ra'i daga bakin mutane, ba daga littafi ba. Mun haddace matakai shida na fitar da jigogi daga maganganun mutane da masana Braun da Clarke suka shimfiɗa a 2006. Amma darasin da ya fi ba ni wuya shi ne na shiru. Malamin yakan haɗa mu biyu-biyu, ya ce idan abokin hira ya kai aya, ka ƙirga biyar a zuci kafin ka buɗe baki. Ni da aka sani a gida da karɓe zance, gumi na riƙa yi.

Sai maganar takardar amincewa. Kwamitin ɗa'ar bincike ya amince mini da shafi biyu da za a karanta wa mace, ta sa hannu ko ta dangwala. Ranar farko a wani ƙauye a Jigawa na fito da ita, sai wata dattijuwa ta janye hannunta cikin hijabi ta ce, "'Yar nan, in na dangwala cire ni za a yi?" A wajenta duk mai takarda da tawada daga gwamnati yake. Dole na koma na nemi izinin karɓar amincewa da baki a naɗe, na yi makonni ina jira.

Kasancewata mace ya buɗe mini gidajen da aka rubuta "ba shiga" a ƙofarsu. Keɓantaccen wurin hira kuwa, wanda littattafai ke ta nanatawa, babu shi. Ga facala tana tankaɗe kusa da mu, ga yara sun yi cirko-cirko suna kallon rikoda.

Mai alhamdulillahin nan, Inna nake ce mata, na koma wajenta bayan tambayar malamata. Na same ta tana ƙulla gyaɗa a leda. Na ce, "Inna, ranar da aka ba ku kuɗin, ya aka yi?" Ta ce, "Mun gode Allah." Na ƙirga biyar. Na ƙara biyar. Ta ƙulla leda uku kafin ta ce, ba tare da ta ɗago ba, ai kafin ta iso gida ta biya wajen mai awo ta rage bashi, da yamma kuma wan mijinta ya aiko yaro. Sannan ta ce, "Ni dai rufin asiri nake nema. In ba abin dafawa, sai in hura wuta in ɗora ruwa, maƙwabta su ga hayaƙi."

A nan na gane ɓarnar da na yi. Bahaushiya ba ta zauna gaban baƙuwa ta ce tana cikin wahala. Godiya take fara yi, kuma godiyar kala-kala ce. Akwai wadda ake yi da murna, akwai ta haƙuri, akwai ta "bar zancen nan, facalata na ji". Ni da na tashi cikin wannan harshe, na fassara maganarta zuwa Turanci tukuna sannan na yi nazari, sai duk suka zama abu guda. Na goge lambobin gaba ɗaya na sake da Hausa: rufin asiri, kunya, kara, hakkin dangin miji. Hirar awa ɗaya tana cin mini awa shida zuwa bakwai wajen rubutawa, ban da fassara, to ku lissafa.

Wani abokin aiki a gida ya taɓa ce mini, "Mata talatin kawai? Wannan ai hira ce, ba bincike ba." Ban yi musu da shi ba, na dai tuna masa da Baba ta Karo. Tsohuwa ɗaya ce a ƙasar Zazzau ta ba Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa tsakanin 1949 da 1950, littafin ya fito da Turanci a 1954, kuma har yau masu nazarin aure, bauta da zumuncin matan Hausa ba sa tsallake shi. Duk da haka yana da gaskiya ta wani gefe: mata talatin ba za su gaya maka halin Najeriya ba, kuma duk wanda ya yi iƙirarin haka a gaban masu jarrabawa zai sha tambaya.

Yanzu ina babi na biyar. Malamata ta yarda in bar "rufin asiri" da Hausa a cikin kundin, in yi masa bayanin shafi guda. Makon jiya na kira Inna ta wayar ɗanta, na karanta mata abin da na rubuta a kanta domin ta gyara. Ta ce in cire zancen wan mijinta. Na cire. Kafin mu yi sallama ta tambaye ni ko na ji labarin ranar da za a sake biya, na ce wallahi Inna ban ji ba.