Gwangwanin Baba Saje

Daren Asabar.

Yau shekara guda cif da rasuwar kakana Baba Saje, kuma sai yau Inna ta yarda aka buɗe ɗakinsa. Da sassafe ta kira ni, ta ce, "Zo ki kama mini, ni kaɗai ba zan iya ba." Muna shiga ta zauna bakin gado ta yi shiru, na ci gaba da naɗe kaya.

A ƙarƙashin gadon na jawo gwangwanin nan da ya hana mu taɓawa muna yara. Murfin ya yi tsatsa, sai da na sa bakin cokali. A sama akwai lambar yaƙin Bama, tauraro mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, gefe shuɗi da ruwan goro, duk ya koɗe. Kusa da ita wani ɗan ƙyalle mai hoton baƙin gizo-gizo, tambarin Runduna ta 81 ta sojojin Afirka ta Yamma. Da wannan rundunar aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Indiya a 1943, yana saurayi ko gemu bai fara ba, daga nan suka nausa kwarin Kaladan da ke ƙasar Bama (Burma) suka gwabza da Japanawa. Ya sha gaya mana dajin ba hanyar mota, a ka suke ɗaukar harsashi, guzuri kuwa jirgin sama ke jefo musu da lema. Ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga matsattsaku, ga zazzaɓin cizon sauro. A Janairun 1945 suka shiga garin Myohaung. Japan ta miƙa wuya a Agustan shekarar, amma sai da suka yi watanni suna jiran jirgin da zai maido su gida.

Iyakar abin da yake faɗa ke nan. In muka matsa, muka ce, "Baba, mutum nawa kuka harbe?" sai fuskarsa ta sauya, ya ce, "Je ki ɗauko mini takalmanki."

Abin da ya karya mini zuciya yana ƙasan lambar. Takardu ne cunkus, ɗaure da zare: katin rigakafin Inna, sakamakon jarrabawar kawunnaina, takardar haihuwar kusan kowane jika. Har da wasiƙar da na rubuta masa ina aji uku, rubutu kamar tafiyar kaza. Kayan soja biyu kacal, namu kuwa sun fi hamsin. Na miƙa wa Inna katinta, ta duba, ta ce, "Ashe Baba bai yar ba," hawaye suka zubo mata.

Maganar takalma kuwa, kowane dare sai ya jera na makarantarmu a ƙofar ɗakinsa, ya zauna da burushi da tsumma yana goge su ɗaya bayan ɗaya har su yi ƙyalli. Ya haura tasa'in, hannu na rawa, bai daina ba. Da Kaka ta kwanta jinya shekara uku, shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta magani a kan lokaci, bai yarda wani ya karɓe shi ba. Marayu biyu na ƙaninsa a hannunsa suka girma, ban san ba shi ya haife su ba sai da na yi wayo. Mutane na cewa mazan jiya zafin rai gare su. Ni dai ban taɓa jin ya ɗaga wa Kaka murya ba.

Abu guda ke ci mini rai: ban taɓa naɗar muryarsa ba, alhali waya na hannuna kullum. Ina ta cewa gobe.

Da la'asar Inna ta raba takardun, kowa za a kai masa tasa. Lambar ta ce ta zauna wajen babban kawu. Ni burushin na roƙa, ta ba ni. Ɗazu bayan isha na jera takalman yarana a ƙofar ɗaki na goge, ƙaramin yana tsaye a kaina yana tambayar wa ya koya mini. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.