Daga Sakkwato zuwa Yawuri da bulok ɗin inji a but

Kawuna yana da jirgin katako a Yawuri, irin dogayen nan masu ɗaukar mutane da buhuna zuwa kasuwannin bakin ruwa, kuma injin da ke bayansa Yamaha Enduro ne mai doki 75, silinda uku, tu-sitrok, wanda ake gauraya masa fetur da man inji a tanki ɗaya. Injin ya tsufa ya gaji, in an yi lodi sai ka ji yana ta gurnani amma jirgin baya gaba, ga shan mai kamar me, toh tun da aka cire tallafi a 2023 kuwa duk litar da ta ƙone a banza a jikin mai jirgi take fita. Shi ne bakanikensa ya kwance shi gaba ɗaya aka aiko min da bulok ɗin Sakkwato in kai wa masu boring, wato masu faɗaɗa ramin silinda, da sharaɗin in an gama ni zan kawo shi da hannuna, don Kawu ya ce bai yarda a jefa shi ƙarƙashin kayan mutane ba.

Shi boring ɗin injin jirgi ba kamar na mota bane. Cikin silindar akwai ƙofofi a bango inda mai ke shiga hayaƙi ke fita, in an gama faɗaɗa ramin dole a bi bakin ƙofofin nan a goge kaifinsu, in ba haka ba ringi ya kama baki ya karye tun ranar farko. Na tsaya a kan dattijon da ya yi aikin har ya gama, da ɗan fayil siriri yake bi a hankali yana shafawa da yatsa yana sake bi, sannan ya wanke da ruwan sabulu mai zafi ya goga farin ƙyalle, sai da ƙyallen ya fito fes kafin ya shafa mai ya miƙo min. Asalin faɗin ramin milimita 82 ne, aka kai shi 82 da rabi saboda ɗaya daga cikin silindojin ta yi zane mai zurfi.

Da asuba muka tashi, na naɗe bulok ɗin a tsohon bargo na sa a but na tokare shi da buhu. Boɗinga, Shagari, Tambuwal, sai Aliero inda warin albasa ke tarbarka tun kafin ka shiga gari, a Jega muka karya da waina da shayi, daga nan Maiyama, Koko, duk ramin da direba ya faɗa sai gabana ya faɗi saboda abinda ke but. Bayan azahar muka shiga Yelwan Yawuri.

Ban ma huta ba na wuce bakin ruwa. Wanda bai taɓa ganin Kwara a nan ba zai ɗauka kogi ne kawai irin wanda ake hangen ƙetarensa, amma daga Yawuri zuwa kudu ruwan tafkin Kainji ne, wanda ya taru bayan an gama dam ɗin a 1968, tsawonsa ya haura kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa da gungunan mutane da yawa aka tashe su aka sake musu matsuguni. Jirage jere a bakin gaɓa, ana sauke albasa da shanshera da busasshen kifi, mata na shanya warangi a tabarmi, Sarkawa na ɗinkin koma a inuwa, kana jin Hausa kana jin Gunganci kana jin Nufanci. Rumfar bakaniken tana can gefe, injuna rataye a jikin katako kamar an shanya su.

Ya karɓi bulok ɗin ya juya shi a hasken rana ya zura yatsa cikin ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya ce madalla, wannan ya san aiki. Sai Kawu ya fara zayyano buƙatunsa, shi fa ƙarfi yake so, ya ji ana cewa in an rage kaurin kan silinda inji yana ƙara fushi, kuma a cire masa tamosta ɗin nan, abin da ke daidaita zafin inji, don wai yana hana ruwa gudu. Bakaniken ya bar shi ya gama tas sannan ya ce, "Alhaji, in ka ce in sare kai zan sare, amma da wane fetur za ka ciyar da shi? Na jarka da kake saye a tunga? Wata biyu ba za a yi ba fistin zai huje, kuma a tsakiyar ruwa zai huje ba a rumfata ba." Ya ɗauko wani tsohon fistin daga cikin kwandon tarkace ya miƙa masa, samansa da rami ɗan yatsa zai shiga, gefen ramin ya narke ya yi toka-toka, ya ce na wani ne da ya matsa masa aka yi. Kawu ya jujjuya shi ya ajiye, bai sake tada maganar ba. Tamosta kuma bakaniken ya ce sabo ma zai saka, don inji mai yin sanyi fiye da kima baya ƙone mai da kyau, fulogi ya dinga baƙi.

Ni abinda ya fi burge ni da mutumin nan shi ne baya yi wa mutum alkawarin banza. Ya ce boring ɗin da aka yi kada a ɗauka shi ne ƙarin ƙarfi, inji mai cc 1140, wato girman cikin silindojinsa, an ƙara masa rabin milimita, ƙarin bai wuce cc 15 ba, ba abinda za ka ji a jikinka. Ƙarfin da zai dawo na kwamfireshan ne da ya zube, don kafin ya kwance ya auna, silinda biyu sun sauka ta ukun kuma ta kusa mutuwa, ma'ana Kawu ya daɗe yana biyan man doki 75 yana samun aikin da bai kai haka ba ko kusa. Ƙarin gaske kuma wuri biyu zai fito, kafireta da farfela. Yamaha mai doki 85 da mai 75 girman bulok ɗinsu ɗaya ne, ya samo kafireta uku na 85 'yan gwanjo masu lafiya ya wanke su ya busa kowace jet, ya ce ba zan ce maka ya zama 85 cif ba amma zai shaƙi iska da mai fiye da da.

Haɗawar ta ɗauki lokaci kuma ina zaune ina miƙa sifana. Sababbin fistin da ringi, boris na kiranshaf da na sandunan fistin, oyil sil sama da ƙasa, gaskit gaba ɗaya. Akwai ringin da aka sayo a wani shago cikin kwali mai kyau da tambari da komai, yana sa shi cikin silinda ya auna tazarar bakinsa da filagej ya ce jabu ne, ya mayar aka nemo wani. Ƙananan allurai na boris ɗin nan kuwa da giris yake manna su ɗaya-ɗaya yana ƙirgawa a fili, yaransa duk sun yi tsit, don in ɗaya ta faɗa cikin kirankes ba a gani ba an gama da injin. Kusoshin kai da tok-renci ya ɗaure su, daga tsakiya yana fita waje, zagaye biyu, ba irin ɗaurin nan na a taka sifana da ƙafa ba.

Da aka zo ƙasan injin ya kwance kusar giya, man da ya zubo fari ne kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Yana cire farfela sai ga dalili, zaren koma ya nannaɗe a bayan farfelar ya narke ya zama wani zobe mai tauri ya ci sil ɗin. A ruwan da kowace kusurwa akwai raga wannan kullum ne. Ya canza sil, ya zuba sabon man giya lamba 90 ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta sama, ya canza imfela ɗin famfon ruwa wadda fukafukanta biyu sun riga sun gutsure saboda yashi.

Farfela ita ce muka fi daɗewa a kanta. Wadda ke kai mai fici 17 ce, wato a duk juyi ɗaya an tsara ta ci gaba inci 17 a ruwa, ta dace da ƙaramin jirgi marar nauyi mai son gudu, shi kuwa jirgin Kawu jakin kaya ne. Bakaniken ya yi mana bayani cewa injin nan an yi shi ne in an buɗe masa wuta duka ya juya tsakanin sau 4500 zuwa 5500 a minti, in farfela ta yi masa nauyi ya kasa kaiwa nan to yana wahala ne, yana zafi yana shan mai ba ya biyan buƙata, kuma kowane inci ɗaya da ka rage a fici yana ƙara masa juyi wajen 150 zuwa 200. Ya ajiye mai 15 da mai 13 ya ce ruwa ne zai zaɓa, ba baki ba. Kafin nan kuma ya sa aka kira kafinta ya ƙara katako mai kauri a bayan jirgin inda ake ɗaure injin ya ɗaure da kusoshi masu noti, don tsohon allon ya fara tsagewa kuma duk turin da inji ke yi a nan yake sauka.

Ranar da aka tada shi ja biyu ya kama, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe rumfar, kowa idonsa na kan ɗan ruwan da ke tsartowa ta gefe, yana fitowa da ƙarfi aka hau hamdala. Amma ba a buɗe masa wuta ba. Awa 10 na farko sai an lallaɓa shi, man inji ninki biyu, wato lita ɗaya a tankin lita 25 maimakon rabin lita da aka saba, kuma ba a barin shi a murya ɗaya. Haka muka dinga zirga-zirga kusa, mu gangara Zamare mu tsallaka Rofiya ta ɓangaren jihar Neja mu dawo, ba lodi, yaron jirgin duk ya ƙagu hannunsa na ƙaiƙayi a kan totur, Kawu na harararsa.

Da awannin suka cika aka shirya tafiyar Warra da lodin albasa da 'yan fasinjoji, bakaniken ya biyo mu da ɗan agogonsa na auna juyi wanda ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Mun tashi da sanyin safiya lokacin hunturu, ruwa a cike, don Kwara sau biyu take kawo ruwa a nan, na damina mai laka da kuma wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali da Nijar sai wajen Disamba ko Janairu yake isowa. Da farko muna bin tsakanin burgu da kainuwa, masunta na ɗaga mana hannu mu kauce wa ragarsu, can sai ruwa ya buɗe, hazo ya rufe gaɓa, ka duba gabas ka duba yamma ba ka ganin ƙasa. Da mai fici 15 ya buɗe wuta agogon ya tsaya ƙasa-ƙasa, muka raɓa wata tunga aka ɗaga injin aka sa mai 13, sai ga allura ta haye 5000 ta zauna, muryar injin ma ta canza ta zama sakakkiya, goshin jirgin ya ɗaga. Kawu bai ce komai ba amma na ga yana murmushi yana gyara hula.

Wajen tsibirin Foge iska ta taso, igiyar ruwa na dukan gefen jirgi tana watso mana, matan da ke tsakiya suka fara salati. A nan na gane amfanin aikin da aka yi, direban ya juya goshin jirgin ya fuskanci igiyar ya ƙara wuta kaɗan injin ya amsa nan take ba tari ba shaƙewa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun zamanin dam suna leƙowa nan da can, wajen kauce musu kana buƙatar injin da zai ji magana a daƙiƙar da ka yi masa. Da tsohon halinsa ne wallahi ban san yadda za mu kwashe ba.

Kuma a nan ne hankalina ya tashi da wata magana da yaron jirgin ya yi, wai yanzu ai sai a ƙara buhu talatin a kan lodin da aka saba. Ruwan da muke kai ɗin nan, kusa da Warra, shi ne inda jirgi ya rabe ya nutse a watan Mayun 2021 da mutane maƙil, sama da mutum 100 suka salwanta, mafi yawa talakawa masu neman abinci. Ƙarin doki baya ƙara wa katako ƙwari kuma baya ɗaga bakin jirgi daga ruwa, inji mai ƙarfi ma shi ne ke ruɗar mutum ya ga ai yana ja, ya manta tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakin jirgin bata fi tafin hannu ba. Na faɗa wa Kawu haka a gaban yaron, na ce don Allah Kawu a bar lodi yadda yake, kuma rigunan ruwan nan da NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ke ta magana a kai a saye su a dinga sawa. Ya ce, "Ɗana, ni na ga gawarwakin da aka jera a wancan lokacin, ba sai an faɗa min ba." Ya juya ya ce wa yaron duk ranar da ya ƙara buhu ɗaya ba da izninsa ba ya ajiye masa jirginsa.

Mun isa Warra rana ta take, aka sauke albasa, muka ci tuwon shinkafa da miyar ragon ruwa a wata rumfa. Bakaniken bai zauna ba sai da ya cire fulogi ukun ya jera su a tafin hannu, duk sun yi ja-ja ruwan ƙasa, ba baƙi ba fari ba, ya ce cin mai ya daidaita. Ya gargaɗi direban cewa injin nan in aka danne shi har ƙarshe yana iya shan sama da lita 30 a awa, ya riƙe shi a kashi uku cikin huɗu, ragowar ya ajiye ta don iska da gaggawa. A dawowa da jirgi ba nauyi muka auna abinda ya rage a jarkoki, an samu rarar da Kawu ya ce rabonsa da ganin irinta ya manta.

Da muka koma Yawuri aka sake ɗaure kusoshin kai bayan inji ya huce, aka zubar da man giya aka duba, tas yake ba ɗigon ruwa. Abinda ya rage yanzu katakai uku ne na ƙasan jirgin da kafinta ya ƙwanƙwasa ya ce sun fara ruɓa, Kawu ya riga ya bada kuɗin katako, za a jawo jirgin tudu a canza su kafin iskar farkon damina ta fara.