Abin da rubutun wasa mai dogon zango ya koya mini a Maraɗi

Ƙungiyarmu ƙarama ce. Muna shirya wasan kwaikwayo mai dogon zango a nan Maraɗi, mu ɗora a YouTube, ni kuma nawa aikin rubutu ne. Abu mafi nauyi da sana'ar ta koya mini shi ne mai kallo yana haƙuri da hoton da bai fita ba, yana haƙuri da ƙarar injin da muka tayar saboda kuran ya ɗauke, amma haƙurinsa yana ƙarewa ranar da ɗan wasa ya aikata abin da babu dalilinsa. Bahaushe ya riga ya ce ruwa ba ya tsami banza, kuma da wannan ma'aunin yake zama gaban tele.

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirinta na Daɗin Kowa ya biyo baya, kallonmu ya canza. Da can fim ne na awa biyu a faifai, a gani a tashi. Yanzu mutum yana zaune da ɗan wasa mako bayan mako, kuma zuwa 2020 da Labarina da Izzar So suka fito, har a fadar samari ana shan shayi ana gardama kan wane ne ya kyauta, wane ne ya ci amana. Wanda ya yi wata shida yana bin mutum ya san halinsa. In ka juya shi dare ɗaya don labari ya yi zafi, za a ce maka ai wane ba zai yi haka ba, kuma gaskiya suka faɗa.

Inda marubutanmu suka fi sakaci shi ne wajen kishiya. Ana shigo da amarya, sai uwargida ta tashi da mugunta tun daga kashi na farko, kamar da ita aka haife ta. Matan da ke kallo sun san ba haka abin yake ba. Macen da ta yi shekara ashirin a gida, ta sayar da tunkiyarta aka biya kuɗin lakwal na yara, ta ɗauki adashinta ta cika wa maigida jari lokacin da kasuwa ta juya masa baya, in ta ga an shigo da gado sabo da kujeru tana da abin da take tsoro: rabon kwana, rabon cefane, da makomar 'ya'yanta ranar da za a raba gado. Nuna wannan kaɗai ya isa. Ko daga baya ta yi abin da bai dace ba, mai kallo zai yi tir da aikin, amma zai gane matar.

Darasin ya fi zauna mini a kan wani labari da muka yi na yaron shago. Kowa a garin nan ya san yadda kasuwancin alhazai yake tafiya a kan amana. Yaro yana shiga hannun ubangida tun yana ƙarami, ya yi share-share, ya kai aike, a hankali a ba shi makullin sito, wata rana a yi masa aure a ba shi jari. Labarin yana buƙatar yaron ya taɓa kuɗin ubangidansa. Hanya mai sauƙi ita ce a ce abokan banza sun hure masa kunne, ko wata budurwa ta ruɗe shi. Muka ƙi bin ta. Muka ɗora labarin a kan watan Agusta na 2019, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, shinkafar da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano ta taru a sito-sito, hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wadda ake bi da kaya daga Maraɗi zuwa Nijeriya, ta mutu fiye da shekara guda. Yaron namu ya riga ya karɓi kuɗin mutanen ƙauyensu ya zuba a kaya da sunan zai juya musu. Kaya suka tsaya. Masu kuɗi suka fara sallama a ƙofar gidan mahaifinsa, dattijon da ba a taɓa bi bashi ba. Daren da ya buɗe akwatin kuɗi, mun nuna shi ya ƙirga jika ɗari biyu daidai, abin da ake bin sa, ya mayar da sauran, ya rubuta adadin a bayan littafin shago da niyyar biya. Wannan rubutun da ya yi da hannunsa shi ne ya tona shi daga baya. Ba mu sa masa ko kalma ɗaya a wurin ba, kuma babu wanda ya tambaye mu me ya sa ya yi. 'Yan kasuwa da suka kalla suka rabu biyu, wasu na cewa a kore shi, wasu na cewa ubangidan ne ya yi sake da bai lura da halin da yaronsa ke ciki ba.

Wani darasin kuma daga bakin wata dattijuwa ya zo, wadda take fito mana a matsayin uwa. A wajen gwaji aka ba ta takarda inda uwa za ta kira ɗanta na fari da sunansa, ta ce masa tana ƙaunarsa fiye da kowa. Ta ajiye takardar a kan tabarma ta ce, "Ɗana, wannan ba maganar uwa ba ce. Ɗan fari ko sunansa ba a faɗi, balle wannan." Mai ba da umarni ya ce, "To Inna, yaya za a yi mai kallo ya san tana son sa?" Ta ce a kawo mata kwano. Da aka kunna kyamara, yaron ya shigo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri, sannan ta tura masa furar da ta ɓoye tun rana, ta ce wa ƙanwarsa, "Ki ce wa wancan ya sha kafin ta yi tsami." Kunya a wurinmu tana da hanyoyin da take bi ta yi magana, kuma marubucin da ya kwaso salon finafinan Indiya, inda kowa ke amayar da abin da ke ransa, yana zubar da dukiyar da ke hannunsa.

Akwai ƙofofin gudu da muka saba da su idan labari ya cije: hatsarin mota, mantuwa bayan buguwar kai, wasiyyar da ta ɓulla daga sama, da uwa uba asiri. Ba na musun cewa mutane suna zuwa wurin boka. Abin da nake ƙi shi ne a ce miji ya juya wa matarsa baya don kawai an barbaɗa masa magani a miya. Da zarar an yi haka an sauke masa nauyin aikinsa, babu sauran abin da za a tuhume shi da shi, kuma matar da ke kallo, wadda nata mijin ya canza ba tare da wani boka ba, an bar ta hannu wofi. In asiri zai shigo, a nuna mana wadda ta je, abin da ya kai ta, abin da ta sayar ta biya, da yadda take kwana bayan nan.

Matsin da ke haifar da waɗannan ƙofofi na gaske ne. Kuɗin YouTube yana bin yawan masu kallo, don haka ana son kowane kashi ya ƙare da abin da zai sa a dawo, kuma labarin da ya isa kashi goma sha biyu sai a ce a ja shi zuwa talatin. Ga ɗan wasa da zai tafi Kano ko Yamai ana tsakar ɗauka, dole a nemo masa mafita. Abin da muke yi yanzu, kafin a rubuta kashi na farko, kowane mutum a labarin muna buɗe masa shafi: wa yake ciyarwa, wa yake jin kunya, wa ke bin sa bashi. Ranar da ɗan wasanmu ya yi tafiya ba shiri, shafinsa muka duba, muka ga tun farko mun rubuta cewa yana da uwa maras lafiya a Tibiri, sai muka tura shi jinya maimakon mu kashe shi a hanyar Madarumfa.