Tsatsar da ke cin keke daga ciki

Yau da safe na kai tsohon kekena, Raleigh, wurin mai gyara, domin sandar sirdinsa ta cije ta ƙi motsi. Da ƙyar ya zare ta, sannan ya kifa keken, sai ga wani jan ruwa yana tsiyayowa daga bututun, haɗe da ɓarɓashin tsatsa, alhali fentin waje lafiyarsa ƙalau. Ya ce mini, "Malam, ruwan damina ta nan yake shiga, ya gangara ya kwanta a gindin feda, inda babu iskar da za ta busar da shi." Ya shanya keken a rana, ya zuba baƙin mai a bututun yana jujjuya shi har ya game ko'ina, ya shafa wa sandar giris, sannan ya goge wuraren da fenti ya kankare da samfefa, ya sake rufe su.

Abin ya taɓa mini zuciya, domin a kan keken nan nake neman abinci, kuma a tsadar yau sabo ya fi ƙarfina. Ina son ya kai ga hannun ɗana da ƙwarinsa.