Sunana Ajuji, kuma na daina gudunsa

Jiya da yamma ina cike wani fom a waya, na zo wajen suna na rubuta Ajuji ban ko tsaya tunani ba, sai da na tura ne abin ya faɗo min a rai, na zauna ina ta dariya ni kaɗai har maman yara ta leƙo tana cewa lafiya kuwa? Na ce mata lafiya lau, tunawa na yi da shekarun da na kwashe ina gudun sunan nan kamar mai gudun bashi.

Yaran yanzu da yawa ba su san ma'anar irin waɗannan sunaye ba, bari in ɗan faɗa. Inna ta haifi uku kafin ni, duk suka koma, babu wanda ya kai yaye, irin wannan a wajenmu sai a ce wabi take yi. To da aka haife ni, kaka, wato uwar Baba, ko wanka ba a gama min ba ta sunkuce ni ta kai bayan gida ta ajiye a kan juji, wai don duk abin da ke ɗauke 'ya'yan ya ga cewa wannan kam ba a son shi, shara ce. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta je ta tsinto ni. Baba lokacin yana zuwa coci, ya yi faɗa sosai, amma wa ya isa ya ja da uwarsa a kan jika? Ran suna fasto ya sa min Yohanna, sunan ya tsaya a takarda, a gida da gona da bakin rijiya kuwa Ajuji ne.

Ƙauyenmu yana ƙasar Sumaila ne, can wajen Gani. Asalinmu Maguzawa ne, noma muka gada, dawa da gero da gyaɗa. A firamare yara suna tsokanata, Ajuji shara, Ajuji bola, amma wannan wasan yara ne, a yi dambe a shirya. Inda abin ya fara cin raina shi ne da na tafi sakandare ta kwana. Ranar farko wani ya ji na ce ni Kirista ne sai ya ce to wane yare ne kai? Na ce Bahaushe. Ya ce a'a, yarenku na gida nake nufi. Na ce ai ba ni da wani yare, kakan kakana ma Hausa ya yi har ya mutu. Suka bushe da dariya, wani ya ce arne dai, ai babu Bahaushe Kirista. Ran Lahadi kuma na je wajen sujada da murnata ina cewa yau zan shiga cikin nawa, sai ga shi can ma kallona ake yi, Turancina ya karye, Hausata ta yi yawa, wata yarinya har ta tambaye ni wai da gaske ni Kirista ne ko leƙen asiri na zo. Na zama jemage, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, ɓeraye ma sun ce ba nasu ba.

Kada wani ya ɗauka zagin wani nake yi fa. Rabin danginmu Musulmi ne, da Babbar Sallah nama har ya ishe mu, da Kirsimeti mu ma mu aika musu shinkafa da miya, kuma wanda ya fi tsaya min a makarantar nan wani yaro ne Musulmi ɗan Wudil, shi ne ke raba ni da masu tsokana. Abin da nake faɗa shi ne yadda yaro ɗan shekara 13 yake ji in aka ce masa ko'ina shi ragowa ne.

Sai na zama John. Na fara ce wa mutane daga kudancin Kaduna nake, har da karya harshe wajen Hausa don kada a gane ni. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar ziyara ina aji huɗu. Baba ya zo, ya sha tafiya, babbar rigarsa guda ɗaya ta zuwa coci duk ta yi ƙura, ya ɗauko min ƙuli-ƙuli da garin kwaki da soyayyar gyaɗa a buhun taki da Inna ta wanke tas. Daga nesa ya hango ni ya ɗaga murya, Ajuji! Ajuji! Abokaina suka ce John wane ne wancan? Ni kuma bakina ya buɗe na ce wani mutumin ƙauye ne da ke yi mana aikin gona, aiko shi aka yi. Bai fi taku goma ba tsakaninmu. Ya miƙo min buhun, ya ciro kuɗi daga aljihu a ƙulle cikin leda ya ba ni, ya ce Innarka tana gaishe ka, ka yi karatu. Ya juya. Ko zama bai yi ba. Labarin Bitrus da carar zakara tun ina ƙarami nake jin shi a makarantar Lahadi, har haushin Bitrus nake ji, ashe ni ko barazana ba a yi min ba.

Na gama makaranta sakamako bai yi kyau ba. Na je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma a wani ofis aka yi ta juya ni, wai Yohanna a Kano? Na ɗan yi buga-buga a birni ba ta ɓulle ba, na dawo ƙauye da jaka ɗaya. A lokacin na gama yarda cewa kaka ta yi gaskiya tun ranar farko, wurina ke nan juji. Coci ma na daina zuwa, in an kaɗa ƙararrawa sai in ja bargo.

Wanda ya fito da ni wani tsohon mai bishara ne, muna ce masa Baba mai bishara kawai, yana da wani keke da ya girme ni. Bai yi min wa'azi ba ko kaɗan. Cewa ya yi idonsa ya yi rauni, ɗana zo ka riƙa karanta mana Littafi ran Laraba wajen addu'a, kai ne mai boko. Kunyarsa ta sa na je. Mutum bai fi goma sha biyar ba, yawanci tsofaffin matan zumunta, a kan benci, fitila ɗaya. Wata Laraba ya ce in buɗe Zabura 113. Ina karantawa na iso aya ta 7 da ta 8, inda ake cewa Ubangiji yakan ta da matalauci daga ƙura, ya ɗaga mabukaci daga inda ake zubar da toka da shara, ya zaunar da shi tare da sarakuna. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce tsaya, jama'a ina ne ake zubar da toka a gidajenmu? Matan suka ce juji mana. Sai wata ta ce to Ajuji, ashe da kai a ciki! Aka yi ta dariya ana tafi, wata har da guɗa. Ni kuwa na kasa ci gaba, maƙogwaro ya toshe, na ajiye Littafin na fita waje na tsaya jikin dalbejiya.

Na san wani zai ce ai aya ce kawai ta dace da suna. Wataƙila. Amma ni abin da ya same ni a daren nan shi ne, duk shekarun nan ina ta ƙoƙarin in wanke kaina in zama John tukuna, in iya Turanci, in samu takarda, sannan in zo gaban Allah da mutane a matsayin mutum. Sai ga shi an rubuta cewa shi da kansa yake zuwa wajen jujin. Ba aike yake yi ba. Kuma da Hausa na karanta, Hausar da nake karya harshe don in ɓoye.

Daga baya tsohon nan ya ba ni labarin da ban taɓa sani ba, yadda bangaskiya ta shigo gidanmu. Ƙanin kakana ne kuturta ta kama, aka ware masa ƙwarya da buta, aka yi masa bukka a bayan gari. Shi ne ya tafi Yadakunya, asibitin kutare da ke kusa da Kano wanda 'yan mishan na SIM suka riƙe, ya yi shekaru can ana masa magani. Ya dawo yatsu sun gutsure amma ya iya karatu, da Littafi a jakarsa, kuma ya daina sunkuyar da kai. Ku ji sunan wurin ma, ya da kunya. Mutumin da ba a cin abinci da shi, shi ne ya koya wa Baba a b c d a ƙarƙashin tsamiya. Wato tun farko ta hannun wanda aka yar abin ya zo mana.

Shi ya sa yanzu in an ce min addinin baƙi ne ba na fushi, sai dai in yi bayani in mutum na son ji. E, Turawa ne suka kawo, SIM ta faro ne a 1893 da samari uku, biyu ma zazzaɓi ya kashe su ba su daɗe ba. Likita Miller, wani Bature ɗan mishan na cocin Anglican, ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya aka koma Wusasa. Amma cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito tun 1932, shekara 28 kafin Najeriya ta samu 'yanci, ECWA kuma, wato ikilisiyar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Sujada da ikilisiya da bishara da alheri, da waɗannan kalmomin ne duka kakanninmu suka yi addu'a. Ka je cocin ƙauye a Sumaila ko Rogo ko Karaye ko Roni ta Jigawa ka ji matan zumunta suna waƙa da tulu da shantu da kacau-kacau, sannan ka zo ka ce min ba Hausawa ba ne.

Maganar Baba ita ta fi min wuya. Da bazara muna kwasar taki daga jujin bayan gida muna lodawa a mangala, jaki yana kaiwa gona, ni da shi kaɗai. Na yi ta juya maganar a baki, can dai na ce Baba, ranar nan da ka zo makaranta. Bai bari na ƙarasa ba ya ce na ji ka ai. Na durƙusa nan cikin tokar na ce ka yafe min. Ya ce tashi kada jakin ya gudu, na yafe tun kafin in kai tasha. Sai ya dunƙulo takin a hannu, baƙi wuluk, ya ce kai da ka yi boko, gidan da ba shi da juji me zai ci baɗi? Daga nan bai ƙara ta da zancen ba har yau.

Kaka kuwa ta daɗe ba ta karɓi baftisma ba, sai da ta tsufa tukuf, aka riƙe ta mutum biyu aka shiga da ita rafi. Wata rana tana gyaran zogale a tsakar gida na ce mata, ke tsohuwa, ashe haka kika ƙi ni har kika kai ni juji? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce kai dai mijin nan nawa sakarai ne, da ba a son ka wa zai wahalar da kansa ya yi wa mutuwa ƙarya? Ta ce tana ajiye ni ta laɓe bayan rumbu jikinta na rawa, tana leƙe kada kaza ko kare ya matso, har sai da aka ɗauko ni.

Yanzu ina koyarwa a wata firamare nan kusa, ran Laraba kuma har yanzu ni ke karatu, Baba mai bishara ya riga mu gidan gaskiya, kekensa yana wajen jikansa. Ɗalibaina suna ce min Malam Ajuji. Shekaranjiya 'yata ta fari ta dawo daga makaranta da kuka wai an ce sunan babanta bola, na ce ta ajiye jaka ta ci abinci tukuna, in ta gama ta zo mu zagaya bayan gida in nuna mata kabewar da ta fito a wurin, don bana ta yi 'ya'ya har bakwai.