Godiya ga duk wanda ya sa hannu a aikin kwalbatin rafinmu

Assalamu alaikum jama'a, ƴan uwa na gida da na waje. Kwamitin aikin gada ne suka ce in rubuto wannan tunda ni ne mai riƙe da littafin kuɗi, to Alhamdulillahi, ruwan da aka kwana ana yi shekaranjiya rafi ya cika ya kawo har baki amma da asuba motar rake ta bi ta kan sabon kwalbati ta wuce Maƙarfi ko gezau, ni da kaina na je na tsaya da tocila na duba ƙasan.

Waɗanda ke Kaduna da Abuja da Legas baku ga abin da muka gani ba a markar Agustan 2024, sai dai hotuna a WhatsApp. Tsohon kwalbatin nan na zobe ne, bututu biyu, tun muna yara yake, kuma tun asali ya yi wa rafin kaɗan, ga yashi da leda da karan masara sun cushe bakinsa, ruwa ya zo bai samu hanya ba sai ya hau ta sama ya riƙa cin ƙasar gefe har ya rarake ƙarƙashi, dare ɗaya aka wayi gari hanya ta rabu biyu zoben ɗaya yana can cikin fadama a kife. A watan ne ma babban titin Kano zuwa Maiduguri ya yanke a wajen Katagum, to idan titin tarayya yana cikin wannan hali wa zai tuna da ƴar hanyar burjinmu. Mun kai takarda inda ya kamata, mun koma mun sake komawa, kullum ku dawo jibi oga bai shigo ba. Ba zan kira sunan kowa ba, sun san kansu.

Godiya ta farko ga samarin da suka kwashe wata da watanni suna tsallakar da mutane. Wasu na cewa ai kuɗi suke karɓa, eh suna karɓa a kan mashin da buhu, amma daren da naƙuda ta kama matar ƙanena ruwa iya ƙirji, su shida suka ciro ƙyauren shago suka ɗora ta a kai suka ɗaga sama, ɗaya na gaba da sanda yana laluben inda ƙasa take, Inna tana baya tana ta salati, har suka kai ta ga motar da ke jira a tsallake, ko sisi basu karɓa ba. Yarinyar da aka haifa yanzu har tana gudu. Allah Ya yi muku albarka yara.

Sai Baba Dagaci, Allah Ya ja zamaninka, kai ka tara masu unguwanni ka ce a daina jira a yi gayya, da Malam Liman da ya yi ta maganar a masallaci Juma'a bayan Juma'a har masu taurin hannu suka ji kunya. Manoma kowa ya kawo abin da ya samu da kaka, wani masara wani waken suya, masu mazarƙwaila suka yanka wa kansu kaso a duk ranar Laraba in an dawo daga kasuwar Maƙarfi. Kun dai san yadda abubuwa suka koma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin tifa ɗaya ta yashi sai ka riƙe baki, siminti kuwa har ya taɓa haura naira dubu 10 buhu a farkon 2024, rodi ba'a magana. Ba don ku ƴan birni da kuka riƙa turo dubu biyar dubu goma ba wallahi da bamu kai ba, akwai ɗalibi da ya turo dubu ɗaya ya ce a yi haƙuri, na rubuta shi a littafi daidai da na kowa.

Injiniya kuwa, ɗan garin nan da ya riƙa zuwa duk Asabar a motarsa da mansa, ranka ya daɗe mun gode kuma ka yafe mana. Don gaskiya mun yi rigima da shi, har da ni. Mu so muke a sayo sabon zobe a binne a huta tunda ya fi araha, shi kuma ya kafe sai dai kwalbatin akwati mai ƙofa biyu da fukafukai a gefe da daɓen kankare a ƙasa inda ruwa ke faɗowa, ya ce in aka maida irin na da damina biyu ba zai yi ba. Ya tsaya kan magina buhu ɗaya kwanon sarki huɗu na yashi takwas na tsakuwa, ranar da ya kama an ƙara yashi ya sa aka zubar da kwaɓin gaba ɗaya, mutane na ta gunaguni wai asarar siminti, ni kaina ranar ban yi masa sallama ba. Bayan an zuba kankaren saman kwalbatin ya ce kwana 28 ba mota ba amalanke, kuma kullum a jiƙa shi safe da yamma kar ya tsage.

A nan ne iyayenmu mata suka ba mu kunya. Lokacin rafin ya ƙafe, azumin 2025 ya kama ga zafi, su ne suka tona ramuka a cikin yashi suna ɗibar ruwa da bokiti suna zubawa kan buhunan algarara da aka shimfiɗa a saman kankaren, da ƙishirwa a bakinsu. Kafin azumi kuma su ke dafa wa leburori ɗan wake da kunu. Allah Ya saka muku da Aljanna.

Baba mai gadi da ya kwana cikin sanyin hunturu kusa da siminti da rodi, ko ƙusa bata ɓata ba. Mai katafilan da ya ara mana ita kwana biyu muka zuba mai kawai. Kafintoci da masu ɗaurin rodi da suka rage kuɗin aikinsu. Maƙwabtanmu na tsallaken rafi da Fulanin ruga da suka kawo bijimi aka sayar. Wanda na manta ya yi haƙuri, kai ne ya ɗau zafi.

Saura ƙasar da aka cika bakin gadar ta gabas, ta ɗan zauna bayan ruwan nan, muna neman mutum goma da shebur ranar Asabar da safe a ƙara burji a daddanna. Kuma dan Allah masu zubar da shara da ɓawon rake a rafi a bari, kwamiti ya sa yara su riƙa lura. Lissafin kuɗi za'a karanta shi bayan sallar Juma'a a ƙofar gidan Dagaci, mai tambaya ya zo ya yi a gaban kowa. Sannan kwanon sarki uku da baro ɗaya na aro ne basu dawo ba, wanda suke gidansa ya aiko yaro da su shagona.